Kafin ka sayi gida ko fili, ga abin da taswirar ambaliya ke faɗa da wanda ta yi shiru a kai

Kwanakin baya wani abokina ya miƙo min wayarsa yana ta murmushi wai in duba. Taswirar ambaliya ce ya buɗe, ga kogi ya ratsa ta tsakiya, gefe da gefensa an shafe da shuɗi mai duhu, can gaba kuma shuɗi mai haske, sai wani ɗan jan ɗigo a wurin da babu launi ko kaɗan. Yace kaga gidan da zan saya kenan, baya cikin shuɗin, ruwa baya zuwa nan. Na sa yatsu biyu na buɗe hoton sosai, tsakanin ɗigon nasa da bakin shuɗin bai wuce faɗin titi ɗaya ba. Nace masa toh in ruwan ya iso bakin titin nan wa zai ce masa ya tsaya? Yayi shiru yana kallon wayar.

Ni dai ina cikin masu cewa duk wanda zai sayi gida ko fili ko ma haya zai kama, ya fara duba wannan taswira tukuna, dan wallahi an sha wahala wajen haɗa ta kuma ta ceci mutane da yawa. Abin da ke damuna shine yadda ake karanta ta, mutum ya ga launi ko ya ga babu launi shikenan ya yanke hukunci, alhali kowace taswira wata tambaya guda ɗaya aka yi ta dan ta amsa, kuma in baka san tambayar ba amsar zata iya kai ka ta baro.

Mu fara da maganar da ta fi kowacce rikita mutane, wato "ambaliyar shekara 100". Da yawa in suka ji haka sai su ɗauka ruwan sau ɗaya yake zuwa a shekara ɗari, har kaji mutum yana cewa ai bara aka yi ta dan haka mun huta sai jikokinmu. Ma'anarta kawai ita ce, a kowace shekara yiwuwar a samu ambaliya mai wannan girman ko wadda ta fi ta kashi 1 ce cikin 100. Ka ɗauka an zuba tsakuwa ɗari a kwano, 99 farare ɗaya ja, duk shekara ka rufe ido ka zaro ɗaya sannan ka mayar da ita cikin kwanon a girgiza. In ka zaro ja bana, baɗi ma tana nan a ciki, babu inda ta je. Kuma kai ba shekara ɗaya zaka yi a gidan ba, nan ne lissafin yake fara ban tsoro, dan in ka zauna shekara 30 yiwuwar ka gamu da ita aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26, wato sama da ɗaya cikin huɗu, in shekara 50 ce kuwa ta kusa kashi 40. Wurin da aka ce ɗaya cikin 30 ne kuma, a shekara 30 ɗinnan yiwuwar ta haura kashi 60. Ko na "shekara 500" da ake gani kamar tatsuniya, a shekara 30 yana ba da kusan kashi 6. Birnin Houston na Amurka ya ga ruwan da aka kira na shekara 500 a 2015, ya sake gani a 2016, sannan guguwar Harvey ta zo a 2017 ta shafe labarin na baya duka. Shekara uku a jere.

Kowace ƙasa da yadda take sa wa yankunan suna amma tushen ɗaya ne. A Amurka hukumar FEMA ce ke zana taswirar, kuma asalinta saboda inshora aka fara ta, tun dokar 1968 da ta kafa shirin inshorar ambaliya na ƙasa. Yankin da sunansa ya fara da harafin A shine na kashi 1 cikin 100, in kaga AE an lissafa har tsayin da ruwan zai kai, V da VE na bakin teku ne inda igiyar ruwa ke dukan gini da ƙarfi, X mai inuwa shine na ɗaya cikin 500, X marar inuwa kuma haɗarin kaɗan ne. Akwai D, wannan a kula da shi sosai, ma'anarsa ba a yi binciken wurin ba kwata-kwata. In gidanka ya faɗa A ko V kuma da bashin bankin da gwamnatin tarayya ke tsaya wa ka saye shi, dole ka yi inshorar ambaliya, in kuwa layin ya bar ka a waje ko da taku biyar ne dokar bata tilasta maka ba. Kaga dalilin da yasa mutane suka ɗauki layin kamar katanga. Ingila kuma lambobi take amfani da su, yanki na 1 yiwuwar ambaliya a shekara ƙasa da ɗaya cikin 1,000, na 2 tsakanin ɗaya cikin 1,000 da ɗaya cikin 100 in daga kogi ne, na 3 ɗaya cikin 100 ko fiye daga kogi ko ɗaya cikin 200 daga teku, sai 3b wanda shi fadamar kogin ce kanta, inda dole ruwa ya kwanta in ya cika. Ƙasashen Tarayyar Turai su ma tun 2007 doka ta ɗora musu zana irin wannan taswira da sake duba ta duk shekara shida.

Toh yanzu ta yaya ake samo layin nan? Nan nake so a ɗan daɗe, dan in ka gane yadda ake dafa abin zaka san inda zai iya yin ɗanye. Abu na farko tarihin ruwa, akwai ma'auni da ake kafawa a bakin kogi yana rubuta tsayin ruwa da yawan da ke wucewa, sai a ɗauko mafi girman kowace shekara a jera, a yi lissafi a ce ruwan kashi 1 cikin 100 zai kai kaza. Matsalar ita ce koguna da yawa tarihin da aka rubuta musu bai wuce shekara 40 ko 50 ba, wasu ma babu ma'aunin sam sai dai a kwatanta da kogin makwabta, kenan da shekara 50 ake hasashen abin shekara 100 har da na 1,000. Abu na biyu siffar ƙasa, ina tudu ina kwari. Na uku sai a zuba wancan ruwan a kan wannan ƙasar a cikin kwamfuta a ga inda zai malala, inda ya tsaya nan ake ja layi.

Kwarin kogin Ahr a Jamus ya nuna abin da gajeren tarihi ke jawowa. Daren 14 ga Yulin 2021 ruwa ya sauko cikin kwarin ya kashe mutum sama da 130, ya shiga gidajen da taswirar hukuma ta bari a waje, ya karya gadoji. Abin takaicin, a 1804 an yi irin wannan a wannan kwarin, an sake yi a 1910, duk a rubuce suke a tarihin garuruwan, amma da yake ma'aunin kogin daga baya aka kafa shi waɗannan biyun basu shiga lissafin da aka zana taswirar da shi ba. Duk sanda na tuna wannan sai jikina yayi sanyi, ƙasa ce mai kuɗi da injiniyoyi, labarin yana nan a takarda, amma bai kai ga taswira ba.

Maganar siffar ƙasa ma akwai zance. A Fabrairun 2000 kumbon Endeavour yayi kwana 11 yana auna tsayin doron ƙasa daga sararin samaniya da na'urar rada (radar), kuma shekaru da yawa taswirorin ambaliya na duniya baki ɗaya, irin na kyauta da ake samu a intanet, a kan wannan awon aka gina su. Kowane ɗigo a cikinsa murabba'i ne mai faɗin kusan mita 30, kuskurensa a tsaye yana iya kai mitoci, kuma a cikin gari ko daji sau da yawa saman rufi da saman bishiya yake aunawa ya ɗauka ƙasa ce. Yanzu ka tuna bambancin gidan da ruwa ya shiga da wanda ya tsira wani lokaci rabin mita ne kacal. Inda aka yi da gaske da jirgin sama ake bi ana harba hasken leza ƙasa, ana kiransa lidar, shi kuskurensa santimita 10 zuwa 15 ne, har bakin titi da lambatu yana gani. Dan haka taswira biyu zasu iya nuna maka shuɗi iri ɗaya a waya amma ɗaya ta san unguwarka lungu-lungu ɗaya kuma daga sama kawai ta hango ta. Irin ta biyun tana da amfani in gari ko yanki kake son sani, amma kar ka kuskura ka yanke hukuncin fuloti ɗaya da ita.

Sai babban giɓin, wanda shi ne ya kusa cin abokina. Yawancin taswirar yankunan ambaliya kogi da teku kawai suke kallo. Ruwan sama da ya sauko kamar da bakin ƙwarya cikin awa biyu, lambatu ya cika, kwalbati ta toshe, ruwan ya bi kwalta ya taru a inda ƙasa ta ɗan lotsa, wannan baya buƙatar kogi ko kusa, yana iya samunka a kan tudu ma in gidanka ne a ƙarshen gangara. A damunar 2007 a Ingila ruwa ya shiga gidaje da wuraren sana'a kusan 55,000, kuma kimanin biyu cikin uku irin wannan ruwan ne ya shige su, ba kogi ba. Bayan nan ne suka mai da hankali suka fitar da taswira daban ta ruwan saman da ke kwanciya a gari, shi yasa a can zaka iya samun gida a yanki na 1, fes a taswirar farko, ka buɗe ta biyu ka ganshi cikin haɗari babba. FEMA da kanta ta ce tsakanin 2014 da 2018 sama da kashi 40 na masu neman diyyar inshorar ambaliya daga wajen yankunan da ta kira masu babban haɗari suka fito. A lokacin Harvey, da ruwan sama ya haura mita ɗaya da rabi a wani wuri a kudu maso gabashin Texas, fiye da rabin gidajen da ruwa ya ci a gundumar da Houston take suna wajen layin shekara 100. Wasu dubban ma a cikin tafkin madatsun Addicks da Barker aka gina su, dan tafkunan a bushe suke zama sai an yi ruwa mai yawa, masu gidajen da yawa basu taɓa sanin a cikin dam suke kwana ba sai da ya cika.

Akwai kuma ruwan da ke tasowa daga ƙasa bayan doguwar damuna, ya ɓullo ta daɓen ɗaki ko ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa, shi ma ba kasafai yake fitowa a taswira ba.

Batun katangar kare ruwa kuma sai ka tambaya, dan taswirori basu yi ittifaƙi a kai ba. Ta tsara gine-gine a Ingila tana zana yankunan kamar babu katangar sam, da gangan, saboda katanga na iya karyewa. Ta Amurka kuma in katangar ta cika sharaɗi sai a fitar da unguwar da ke bayanta daga yankin A. Ni a ganina hanyar farko ta fi gaskiya ga mai sayen gida, dan wanda ke bayan katanga ba kasafai ruwa ke samunsa ba amma ranar da ta fashe a tsaye ruwan ke zuwa, mai zurfi kuma ba sallama. A 2005 da katangun New Orleans suka karye lokacin guguwar Katrina kusan kashi 80 na birnin ne ya nutse. Holan bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum sama da 1,800 sai ta ɗaga ma'aunin kariyar yankinta mafi cunkoso zuwa ɗaya cikin 10,000, dan sun gane ɗaya cikin 100 bai isa ba in rai ne a bayan katangar.

Kuma taswira tana tsufa. Ranar da aka zana ta ƙila saman unguwarku gonaki ne da ke shanye ruwa, yau duk an shafe da kankare da kwalta da kwanon rufi, ruwan da a da yake ɗaukar kwana kafin ya gangaro yanzu cikin awa ɗaya ya iso ƙofarka. Wani ya cike fadama yayi gini, ruwan da ke kwanciya a wurin dole ya nemi wani masauki. Ga ɗumamar yanayi, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi tana iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, kuma abin da ta riƙe sai ta sauke shi. Dan haka abu na farko da nake nema a kowace taswira shine shekarar da aka yi ta, tun kafin in kalli launi.

In zaka duba naka, nemi ta hukumar da ke kula da ruwa ko muhalli ko tsara birane a ƙasar da gidan yake, ita ce wadda banki da kamfanin inshora da masu ba da izinin gini ke aiki da ita. Kar ka dogara da adireshi kaɗai dan sau da yawa ɗigon yana faɗawa tsakiyar titi ko gidan makwabci, gara ka tsaya a cikin filin ka ɗauki lambobin wurin da GPS na wayarka ka saka su, sannan ka kunna hoton tauraron ɗan adam a ƙarƙashin launin ka tabbatar rufin da kake kallo naka ne. Karanta bayanin launukan da kyau, wane ruwa ake nufi, na kogi ko na teku ko na sama, an lissafa da katanga ko babu. Inda babu launi ka tambayi kanka, an bincika ne aka ga lafiya ko kuwa ba a zo nan ba? Ƙananan rafuka da yawa ba a taɓa yi musu lissafi ba, farin da ke gefensu na rashin bincike ne. Ka duba hanyar shiga unguwar ma, gida na iya zama a tudu amma gadar da zaka bi ka kai mara lafiya asibiti tana cikin shuɗi.

In taswirar ta ba da zurfi ko tsayin ruwa toh ka samu abin da ya fi launi daraja. Sai dai a kula, lambar da ake rubutawa galibi tsayi ne daga wani ma'auni na bai ɗaya kamar matakin teku, ba daga ƙasar ƙofar gidanka ba. Misali an ce ruwan zai kai mita 102, safiyo ya auna daɓen ɗakinka ya samu 101.4, kenan santimita 60 na ruwa a cikin falo, ya wuce gwiwa, ya ci katifa da kujeru da soket. In kuwa daɓen 102.5 ne, kana cikin shuɗi amma ruwan a tsakar gida zai tsaya. Gida biyu a launi ɗaya, ƙaddararsu daban. Gudun ruwan ma abin dubawa ne in an bayar, santimita 15 na ruwa mai gudu yana kayar da babban mutum, 30 yana ɗaga ƙaramar mota.

Inda babu taswirar hukuma mai kyau akwai dabaru. Google Earth a kwamfuta yana bari ka koma baya ka ga tsofaffin hotunan wurin shekara da shekaru, in a hoton da can kaga kore shar a tsakiyar rani ko wani layi mai lanƙwasa kamar maciji da yanzu gidaje suka hau kai, tsohuwar hanyar ruwa ce. Cibiyar bincike ta Tarayyar Turai tana da taswirar da ta tattara hotunan taurarin ɗan adam na Landsat tun 1984 tana nuna duk inda aka taɓa ganin ruwa ya kwanta. Shi kuma shafin Flood Hub na Google hasashen ambaliyar kwanaki masu zuwa yake yi, har zuwa mako guda, yana da kyau dan gargaɗi amma in ka buɗe shi da rani ka ga shiru wannan bai gaya maka komai a kan shekara 30 masu zuwa ba.

Bayan duk wannan, zuwa da kai ya fi aike. Haka na matsa wa abokina muka je tare, kuma da gangan na zaɓi washegarin ranar da aka yi ruwa. Gidan kansa tsaf, sabon fenti ciki da waje, amma fentin ne ma ya fara bani shakka dan daga ƙasa zuwa ƙugu ya fi na sama kauri. Muka zagaya baya, katangar makwabci ba a taɓa ta ba, ga layi nan a miƙe kamar da rula aka ja shi, ƙasansa bulo ya yi duhu yana gishiri-gishiri, samansa fari. Na sa hannu daidai layin, ya kai min cinya. Ƙofar ƙarfen gidan ta ci tsatsa daga ƙasa zuwa daidai wannan tsayin. Gidaje uku a layin duk sun gina ɗan dakali a bakin ƙofa sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga, kuma a wayar shingen da ke ƙarshen layin akwai busasshiyar ciyawa da leda sun maƙale a sama, duk sun kwanta ɓangare guda. Titin daga sama yake gangarowa ta hagu da ta dama su haɗu daidai nan, kwalbatin da ya kamata ta kwashe ruwan rabinta yashi ne.

Wani dattijo na zaune a ƙofar gidansa muka gaishe shi, nace Baba dan Allah ruwa yana shigowa layin nan? Yace wanne, na kogin ko na sama? Na kogi tunda nake bai taɓa hawowa nan ba, amma na sama kam sau uku ina kwashe iyalina cikin dare. Ya nuna mana inda ya mayar da mitar wutarsa can sama kusa da rufi.

Kaga taswirar bata yi ƙarya ba, kogin da ta yi magana a kai bai taɓa zuwa ba, abokina ne ya yi mata tambayar da ba ita aka zana ta ta amsa ba. Bai fasa unguwar ba dan yana sonta, amma ya bar wancan gidan, ya ɗauko safiyo ya auna masa wani a saman layin wanda daɓensa ya fi na farkon tsayi da mita ɗaya da ɗan wani abu, kuma kafin ya biya ko sisi sai da ya sa mai gidan ya rubuta masa a takarda ko ruwa ya taɓa shiga, ya sa hannu.